Annoba ce ko ba annoba ba ce?

Ɗan Tudun Wada: Wallahi raina a ɓace yake. Sati uku ke nan da Baba ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace. A asibiti aka auna jininsa 190/110, likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cinsa ba a sani ba. Muna dawowa gida Gwaggo ta ware masa kofi da kwano, ta hana jikoki leƙa ɗakin, wai kar su ɗauka. Maƙwabta kuwa sun ce jifa ne. A layinmu kaɗai mutum uku ne a kwance haka. Hawan jini ya zama annoba a Kaduna, kowa ya yi gum. Don Allah ina ake yin gashin ƙashi na asibiti mai sauƙin kuɗi?

Malam Ticha: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Amma ɗan gyara, ƙanena: ba a ce wa hawan jini annoba. Annoba ita ce cutar da ke tashi daga mutum zuwa mutum ta share gari. Mu da muka ga sanƙarau na 1996 mun san annoba. Sama da mutum 10,000 ta kashe a Arewa, a Kano har kwanciya ake yi a ƙasa a asibiti.

Injiniya Barnawa: Malam, ranka ya daɗe, to ina ka kai annobar ambaliya da annobar gobara? Ko gobara ma ɗauka ake yi?

Malam Ticha: Wannan Hausar 'yan jarida ce.

Injiniya Barnawa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cututtukan da ba sa yaɗuwa, su ciwon zuciya da suga da daji, su ke ɗauke kusan uku cikin huɗu na mutanen da ke mutuwa a duniya. In wannan ba annoba ba ce, sai ka raɗa mata suna.

Ɗan Rigasa: Ƙididdigar Turawa ce wannan. Ku 'yan Barnawa da GRA ku ke ciwon masu kuɗi. Mu nan amai da gudawa ne da zazzaɓi, damina na faɗuwa kwata ta haɗe da rijiya. A 2021 kwalara ta kashe sama da mutum 3,000 a ƙasar nan, wa ya yi mana kuka?

Anti Nas: Ɗan Rigasa, ranar awo ka zo ka ga masu bin layi. 'Yan acaɓa ne da masu wankau da zawarawa. Hawan jini ba ya tambayar aljihu, kuma yawanci ba ya nuna alama. Da zarar awo ya riƙa kai 140/90 ko ya wuce, an shiga. Malam Ticha, kai ma ma'anarka ta yi ƙunci. Zazzaɓin cizon sauro sauro ne ke kai shi, kwalara gurɓataccen ruwa da abinci, duk kuwa masu yaɗuwa ne. Sannan katangar da kuke ginawa tsakanin cututtuka masu yaɗuwa da marasa yaɗuwa tana da ƙofa: ciwon hanta nau'in B ana ɗauka, shi ne kuma kan rikiɗe ya zama dajin hanta. Sankarar bakin mahaifa ƙwayar HPV ce ke jawo ta, shi ya sa aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafi a 2023.

Malam Ticha: Ni a kan kalma nake magana, ba a kan allura ba.

Ɗan Rigasa: To an zo wurin. Da ma na san rigakafi za a tallata mana. Anti, ki tambayi Kanawa abin da aka yi wa 'ya'yansu a gwajin maganin sanƙarau na 1996.

Anti Nas: An yi, ba wanda ya musa. Amma ƙin allurar shan'inna a 2003 me ya haifar? Sai 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Shekara nawa ke nan, yara nawa suka gurgunce?

Mai Kyamis: Ku bar Ɗan Rigasa, kawunsa ne ke yawo da lasifika a Kasuwar Barci, kwalba ɗaya maganin basir da suga da sammu.

Ɗan Rigasa: Kar ka sake ka sa Kawu a bakinka. Kai da kake sayar da ƙwaya bibbiyu a ƙullin leda?

Alhaji Admin: A kiyaye harshe, jama'a. Ni a ganina daga kicin matsalar take. Iyayenmu da daddawa suka yi miya, suka kai 90 suna zuwa gona. Matan yanzu dunƙule shida a tukunya ɗaya.

Maman Ikram: Alhaji, da girmanka! Ku ba mu kuɗin cefane na kirki mana, mu sa nama da kifi mu ga ko za mu nemi dunƙule. Ranar da aka rage gishiri ku ne masu ture kwano ku ce miya lami. Tsiren dare da yaji da lemon kwalba da kuke shaƙa a waje kuma mu muka dafa?

Anti Nas: Ku duka kuna da laifi. Ƙasa da giram 5 na gishiri ake so mutum ya ci a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba, har da wanda ke cikin dunƙule da biredi. Lemo kuwa ba a banza gwamnati ta sa masa harajin naira 10 a kan kowace lita ba.

Alhaji Admin: Maganar lemo ba ta cikin abin da aka kawo.

Maman Ikram: Ina fa za ta shiga, tunda kiret-kiret ake saukewa a shagonka na Kawo.

Malam Ticha: Har yanzu dai ba wanda ya kawo min dattijo ɗaya da ya taɓa cewa annobar hawan jini.

Injiniya Barnawa: Malam, dattijon da ya san hawan jini ai jifa yake ce masa.

Ɗan Tudun Wada: Yayyena, gashin fa? Gwaggo ma yanzu cewa take a kai shi ƙauye a yi masa turare.

Alhaji Admin: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. An cimma matsaya cewa Malam Ticha, wanda ya koyar da da yawa daga cikinmu, shi ke da gaskiya: hawan jini ba annoba ba ne. An kuma yarda cewa girkin zamani ne tushen abin, muna kira ga iyayenmu mata su gyara. Batun rigakafi an bar wa kowa ra'ayinsa. Sauran zantukan da aka sako don cin mutuncin sana'ar mutane na goge su. Baba kuma Allah ya tashi kafaɗunsa. Na rufe zaure sai bayan sallar asuba.