Don Allah ku ba ni shawara, muguwar labarin nake tausaya wa

Assalamu alaikum 'yan uwa makaranta, shawara nake nema don Allah kar a min dariya. Kwanan nan na gama wasu nobel guda biyu, ɗaya na takarda ɗaya kuma irin wanda ake saki feji feji a waya, kuma duka abu ɗaya ya same ni. Jarumar da aka ce ita ce ta kirki sam ba ta kwanta min ba, daga farko har ƙarshe kuka take, a zalunce ta ta yi shiru a ƙara ta yi shiru, ko sau ɗaya ba ta yanke wa kanta shawara ba sai dai wani ya zo ya cece ta. Ita kuwa muguwar duk inda ta fito sai na gyara zama. A na wayar akwai wurin da take zaune ita kaɗai a ɗaki tana ninke kayan ƙanwarta da aka fifita a kanta tun suna yara, ta ninke ta warware ta sake ninkewa, wallahi a nan har hawaye na yi. Amma a ƙarshe marubuciyar ta haukatar da ita ta sa ta bin bola wai sakayya kenan. Na yi kwament na ce hukuncin ya yi yawa, sai aka yo min caa wai ina goyon bayan zalunci. Yanzu na ɗauko na uku na kasa wuce babi na huɗu don tun yanzu na san wa za ta yi kuka wa za ta haukace. Matsalar daga ni take ko daga rubutun? Kuma in daure in ƙarasa shi ko in ajiye?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam, hhhh 'yar uwa ashe ba ni kaɗai ba ce. Ni ma haka nake, lafiyarki ƙalau.

Tsohon Makaranci:
Ƙanwata babu abin da ya same ki. Duba da kyau ki gani, a irin waɗannan labaran muguwar ce kaɗai take son wani abu kuma take tashi ta nema, ita ke ƙulla makirci ita ke faɗuwa ta miƙe, to dole idon mai karatu ya bi ta. Jarumar kuwa an ajiye ta ne kawai abubuwa su dinga faɗo mata. Kuma ba yau aka fara ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da ya fito a 1934, tambayi duk wanda ya karanta wa ya fi tunawa, da yawa Malam Zurƙe ɗan Muhamman za su fara ambata, abokin gabar Alhaji Imam da suke ta yi wa juna ƙeta, alhali shi ma Alhajin ba waliyyi ba ne, ramuwa yake har da ƙari. In kina karanta na Turanci kuma ki duba Things Fall Apart na Chinua Achebe, 1958, Okonkwo da hannunsa ya sare yaron da ke kiransa baba don tsoron kar a ce shi rago ne, amma duk da haka in kin kai ƙarshe sai kin ji shi a ranki. Marubucin bai ce ki yarda da abin da ya yi ba, nuna miki ya yi daga ina abin ya taso.

Ummu Hanan:
Ni dai ban yarda da ku gaba ɗaya ba. Akwai yara ƙanana da ke karanta littattafan nan, in aka bar muguwa ta ci bulus me aka koya musu? Dole a ga ƙarshenta.

Tsohon Makaranci:
Hajiya ai ba cewa muka yi a ƙyale ta ba. Cewa muka yi hukuncin ya fito daga abin da ta shuka, ba wai in marubuci ya gaji ya aiko da hauka ko haɗarin mota a feji na ƙarshe ba. A Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, Abubakar ne aka fara zalunta da mai kuɗi ya raba shi da Zainabu, kina tausayinsa, sai ya tafi neman fansa fansar ta sauka a kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. A nan mai karatu da kansa zai ji tsoron ramuwar gayya ba sai an masa wa'azi ba.

'Yar Alƙalami:
Bari in ɗan kare mu masu rubutu a waya tunda nima ina taɓawa. In kina sakin labari kullum kwament ne ke juya ki, ki ba muguwa dalili ko kaɗan sai inbox ya cika wai kin lalata labari, wasu har cewa suke in ba ki wulaƙanta ta ba sun daina bi. To wadda ba ta tsara ƙarshen labarinta tun farko ba sai ta bi masu hayaniya. Kwament irin naki muna buƙatarsa wallahi, kawai ki rubuta shi da dalili, ki ambaci wurin ninke kayan nan ki ce shi ya taɓa ki, marubuciyar za ta gane kin karanta da gaske ko da ba ta amsa ba.

Maman Biyu:
Batun na ukun kuma ki ajiye shi kawai, ba jarrabawa za a miki a kai ba. Ni in na ji haka canza layi nake, in koma gajerun labarai ko tarihin rayuwar wani, in an kwana biyu sai sha'awar nobel ta dawo da kanta.

Ɗan Laburare:
Ni zan ce ki ɗan ƙara babi biyu ko uku tukuna, wasu littattafan a hankali suke ɗaukar zafi. In kin kai nan kuma hasashenki bai kuskure ko ɗaya ba to ki rufe.

Mai tambaya:
Na gode sosai Allah ya bar zumunci. Zan ƙara babi biyun in gani, sannan Jiki Magayi nake so in fara da shi, wa ke da shi ya ara min don Allah? Yaya Tsohon Makaranci kuma ka riga ka faɗa min rabin labarin, kar ka ƙarasa.