Muhawara: Shin mai dukan matarsa yana gyaruwa?

Maman Yara: Jama'a, ni ban yarda da zaman gyaran halin da ake shirya wa maza masu dukan matansu ba. Hali zanen dutse ne. Gara a kashe kuɗin wajen sama wa matan mafaka.

Dattijo: Hajiya, kin yi saurin yanke hukunci. Aikin nan ba jiya aka fara shi ba. Tun 1977 aka kafa irin wannan shirin mai suna Emerge a Amurka, sai tsarin birnin Duluth ya biyo baya a farkon shekarun 1980. Maza ne suke haɗuwa duk mako har tsawon watanni, ana tsare kowa ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa, ba tare da ya ɗora wa matar laifi ba.

Maman Yara: To ya yi aiki, Alhaji?

Dattijo: Wani nazari na 2004 da ya tattara bincike da dama ya nuna tasirin kaɗan ne. Amma akwai shi.

Malamar Jinya: Ku bar ni in sa baki. Mace ta zo da shatin yatsu a wuya, ta ce faɗuwa ta yi, mijin yana tsaye a bakin ƙofa yana amsa tambayar da ita aka yi wa. Wannan ba fushi ba ne, iko ne. Mutumin da bai taɓa marin shugabansa a wajen aiki ba ya san yadda ake danne zuciya. Shi ya sa koyar da shi haƙuri kawai ba ya wadatarwa, haka ma zaunar da su tare a yi sulhu: duk abin da ta faɗa, ita za ta biya in sun koma gida.

Ɗan Auta: Anti, ke nan kina bayan Hajiya?

Malamar Jinya: A'a. Ko ta rabu da shi, wata zai aura, kuma shi ne uban yaran. In ba a taɓa halinsa ba, an dai sauya wadda za a daka. Binciken Mirabal na Birtaniya a 2015 ya tambayi su kansu matan da mazansu suka halarci irin wannan zaman. Dukan da ake yi musu ya ragu sosai, amma takura, musamman ta kuɗi, ba ta ragu haka ba.

Maman Yara: Abin da nake tsoro ke nan! Ya daina duka, ya ci gaba da bincika wayarta da hana ta fita, sannan ya ɗaga takardar kammalawa ya ce ya shiryu. Ita kuma ta zauna saboda an sa mata rai.

Dattijo: Wannan gaskiya ne, kuma da yawa ba sa ma kammalawa.

Malamar Jinya: Saboda haka shirin kirki yana da ma'aikaciya daban mai tuntuɓar matar, ta sanar da ita in ya daina zuwa, ta kuma gaya mata ƙarara cewa halartarsa ba tabbacin tsira ba ne. Wanda babu wannan, Hajiya, ni ma ba na goyon bayansa.

Maman Yara: Har yanzu mafaka ce farko a wajena. Wa zai biya kuɗin ma'aikaciyar?