"Ka so naka duniya ta ƙi shi": Hajiya shawara ta ba mu ko gatse ta yi?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar muka yi sa-in-sa da yayana a kan ɗansa. Yaro shekara goma sha huɗu, bai taɓa hawa adaidaita shi kaɗai ba, ba a aikensa ko shagon bakin layi, ƙwallon da sa'anninsa ke bugawa a filin firamare ma ta taga yake kallo. Na ce Yaya a sassauta wa yaron nan. Sai Hajiyarmu da ke gefe tana jan carbi ta ce, "Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi." Ni na ɗauka ta goyi bayana. Yaya kuma ya rantse gatse ta yi min, wai tunda na saki nawa suna yawo, to in zuba ido in ga son da duniyar za ta yi musu. Mun koma gare ta, ta ce ita ta gama magana. Ku raba mu don Allah.

Malamin Nahawu: Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, da ka ɗauko mana muryar Hajiya da an huta, domin rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. In ta ja "ka" ɗin da murya sama, labarin abin da ya riga ya faru take ba ku, wato aikin gama ya gama. In ta gajarta shi ta sauke murya, sigar umarni ce. Dattawa da yawa ma cire "ka" suke yi gaba ɗaya, su ce ƙi naka duniya ta so shi. Amma ku lura da wani abu. Rabin farko ba zai taɓa zama umarni na gaskiya ba, babu uwar da za ta umarce ka ka so ɗanka don duniya ta tsane shi. Irin maganar nan ce da uwa ke yi wa yaro in ya ɗauki tangaran yana wasa da shi: "Fasa shi, ka ji, fasa." Rabi na biyu kuwa shawara ce tsantsa. Saboda haka ku biyun kowa ya kama rabi.

Maman Sadiƙ: Malam, tunda yau nahawu ake yi, me ya sa naka? Ina naki? Wa ke kwana ba barci in yaro na zazzaɓi? In ya lalace a ce uwarsa ta sangarta shi, in ya zama mutum a ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ana nuna uban. Sannan kullum "shi". Ban taɓa jin wanda ya ce ka ƙi taka duniya ta so ta ba, don kowa ya san yarinyar da aka saki ba so duniya ke yi mata ba.

Malamin Nahawu: Hajiya, wannan ta fi ƙarfin nahawu.

Ɗan Kolombus: Ni daga Ohayo nake, kuma duk lokacin da na ji wannan karin magana ƙwallon Amurka nake tunawa. Akwai ɗan wasa guda da suke kira kwatabak, shi ke karɓar ƙwallo ya jefa wa masu gudu, shi ne kan tawaga. Babu ɗan gata kamarsa a fili. Ƙarti biyar ne a gabansa aikinsu kare shi, wurin atisaye riga mai launi daban ake sa masa don kada kowa ya taɓa shi, in abokin hamayya ya banke shi bayan ya saki ƙwallo alƙalin wasa ya hukunta. To akwai wani Todd Marinovich. Ubansa Marv tsohon ɗan wasa ne kuma mai horarwa, tun yaron yana zanin goyo ya fara miƙar masa da jijiyoyin ƙafa don ya gina kwatabak da hannunsa. A 1988 mujallar Sports Illustrated ta rubuta cewa bai taɓa cin Big Mac ba, wato burodi mai nama na gidan abincin McDonald's, ko bikin yara za shi da nasa kek yake tafiya don kada ya sha sukari. Kuma ya iya wasa, ya kai jami'ar USC ga nasara a Rose Bowl na 1990, wani babban wasan jami'o'i. A 1991 ƙungiyar Raiders ta ɗauke shi a lamba ta 24 a zaɓen sababbin 'yan wasa, gaban shahararren kwatabak Brett Favre da ya zo na 33. Kaka biyu kawai ya buga, ƙwayoyi suka cinye shi, a 1993 aka sallame shi. Yaron da ba a bari ya zaɓi ko abin da zai ci ba, ranar da aka sake shi bai san inda zai tsaya ba. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai.

Ɗan Kwari: To wannan uban so ya yi ko ƙi? Hana yaro alawa ai a gidanmu ƙi ake kiransa.

Ɗan Kolombus: Ka ji inda gizo ke saƙar. Kuma ga wani akasinsa. A can ƙungiyar da ta fi shan kashi ita ke fara zaɓen sabon ɗan wasa. A 2004 San Diego ce ke kan gaba, Eli Manning ya ce ba zai buga musu ba, ubansa Archie ya tsaya masa, shi da ya ƙare ƙuruciyarsa yana shan duka a New Orleans. Aka yi ta zagin su, ɗan gata, ɗan Baba. Aka yi musayarsa zuwa New York Giants, ya ci kofin Super Bowl sau biyu, duka biyun ƙungiyar shahararren kwatabak Tom Brady ya doke. Shi kuma Brady sai a lamba ta 199 aka ɗauke shi a 2000, amma kofi bakwai ya tara. Na baya-bayan nan Shedeur ne, ɗan Deion Sanders. Uban ne kocinsa a Jackson State da Colorado, har ya fito ya ce akwai garuruwan da ba zai yarda ɗansa ya je ba. A Afrilun 2025 ana jiran a kira shi ranar farko, sai a zagaye na biyar, lamba ta 144, Cleveland ta nan kusa da mu ta ɗauke shi. Wurin aikinmu rabi sun ce bakin uban ne ya ja masa, rabi sun ce hassada ce.

'Yar Gumel: Ku bar Amurka tukuna ku ji na kakata, Allah ya jiƙanta. Inna wabi ta yi. 'Ya'ya huɗu ta binne a jere, babu wanda ya kai yaye. Da ta haifi na biyar, tsofaffin gidan suka ce kada ta nuna tana so. Aka naɗe jaririn a tsumma aka kai shi kan juji aka ajiye, wata maƙwabciya ta je ta tsinto shi ta ce ta yi tsintuwa. Shi ya sa har ya yi furfura Ajuji ake ce wa kawuna. Ku gaya min, akwai ƙin da ya wuce a yar da jariri a bola? Amma Inna ta ce min tana bayan zana tana leƙe ta huda, nono na zuba har ya jiƙa mata zani, da matar nan ta ƙara minti ɗaya da ta fita da gudu ta ɓata musu al'adar.

Yaro ya rayu, sai Inna ta juye gaba ɗaya. Ba ya zuwa rafi, ba ya hawa bishiya, ba ya bin sa'anninsa kiwo. Layu a wuya, guru a ƙugu, in ya yi tari sau biyu ta aika a kira wanzami. Kakanmu ya yi faɗa har ya gaji. Shekarar da aka zo ɗibar yara makarantar boko, mai unguwa ya rubuta sunan Ajuji. Inna ta cusa shi cikin rumbun gero ta rufe, ta zauna a gindin rumbun tana kaɗi kamar ba ta san komai ba. Dogari ya shigo ya duba ɗaki ɗaki. Da bai samu ba, aka kama wani maraya da ake riƙo a gidan, wanda shi ke ɗebo ruwa da yankan ciyawar akuya, aka ce a tafi da wannan. Babu wanda ya zubar masa da hawaye.

Marayan nan ya yi karatu har ya zama babban ma'aikacin gwamnati a Kano. Da sallah yakan zo da mota, ya durƙusa ya gaida Inna, ya ajiye mata buhun shinkafa da turmin atamfa. Mutanen gari su yi ta maimaita wannan karin maganar taku a gabanta don ta ji. Ba ta taɓa tanka musu ba sai rana ɗaya, ina nan ina tsince mata wake. Ta ce, "Su da ba su haƙa ƙananan kaburbura huɗu ba, su yi ta magana." Kawu Ajuji tela ya zama, kekensa a zaure. Bai taɓa kwana a wani gari ba sai da ya je Makka. Da Inna ta makance shi ke dama mata fura da hannunsa, shi ke yanke mata farce, yana da mata biyu amma bai bar wa kowa ba. A kan cinyarsa ta cika. To wa duniya ta so a cikinsu?

Maman Sadiƙ: Allahu akbar. Allah ya jiƙan Inna. Yar'uwa kin sa ni hawaye, ni ma na binne ɗaya.

'Yar Gumel: Allah ya sa mai ceto ne, Yaya. Amma kada in ɓoye muku, Kawu har ya rasu in ya ga takarda sai ya nemi yaro ya karanta masa, kuma yakan ce da an bar shi ya tafi. Bai taɓa faɗa a gaban Inna ba.

Ɗan Kwari: Manyanmu na yanzu sun gyara karin maganar ai: ka so naka, ka ƙi na talaka. Da ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki a 2022, namu suna gida suna sayar da katin waya, nasu muna ganin hotunansu da hular kammala digiri a Ingila. Inna rumbu ta samu ta ɓoye nata, su kuwa Landan ce rumbunsu.

Direban Maraɗi: Kuma duniyar ba ta ƙi su ba, Alhaji. Yaro ya sauko daga jirgi, Hausarsa ma da ƙyar, sai ka ga fastarsa a jikin katanga yana neman kujerar da uban ya tashi a kai. Ku can da mu nan, duk kanwar ja ce.

Ɗan Kwari: Ranar kamfe kuma 'ya'yan wa ake ba wa gora da ƙwaya? Ka taɓa ganin ɗan mai gida a bayan akori-kura?

Ustaz Tudun Wada: Jama'a a yi hattara da kalmar ƙi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, Aƙra'u ɗan Habis ya ce yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka amsa masa cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Annabi Yaƙub ya ji tsoron kada kerkeci ya cinye Yusuf, daga baya ya ce wa 'ya'yansa kada su shiga ta ƙofa ɗaya. Tsoron uba ba aibi ba ne. Amma duk da tsoron ya bar su sun tafi. Ni a fahimtata ƙin da Hausawa ke nufi shi ne kada ka tare wa ɗanka gaskiya. In maƙwabci ya kawo ƙara, kada ka ce ɗana ba zai aikata ba. A da ɗa na kowa ne, yanzu malami ya tsawata wa yaro sai uba ya zo makaranta da 'yan sanda.

Baban Hanifa: Allah gafarta Malam, ɗan yayana ba ya laifin da za a kawo ƙara, ai bai fita ba balle ya yi. Shi kuma Yaya cewa yake zamanin da muka yi yawo har bakin kogi babu masu satar yara, babu masu ƙwacen waya da wuƙa. Wannan ban iya musa masa ba.

Direban Maraɗi: Ɗan Kolombus, tambaya nake da ita tun ɗazu. Wasan da ake jifa da hannu, a runguma a ruga, da wane dalili ake ce masa ƙwallon ƙafa?

Ɗan Kolombus: Akwai mai bugawa da ƙafa, amma sai ya yi zaman benci ya gaji kafin a kira shi. Kuma ƙwallon ma ba zagayayya ba ce, kamar gwanda take.

Malamin Nahawu: Ka ce "ƙwallon" sannan ka ce "take". In mace ce ai ƙwallar za ka ce.

Ɗan Kwari: Malam, duk gidan kallo na Kano cewa ake ta shiga raga. Ban taɓa jin wanda ya yi ihu ya ce ya shiga ba.

Maman Sadiƙ: Wato da za a haɗa ta da ƙafa namiji ce, da za a yi ta dukanta kuma ta koma mace. Malam, ina jiran amsar naki ɗina har yanzu.