Don Allah a taimaka min: ina hoton kyandir ɗin ya shiga?

Assalamu alaikum malamai. Ina shirin jarrabawar WAEC, kuma kwana uku ke nan wani gwaji na fiziks ya hana ni sakat.

Ina da gilashin ƙara girma, mai tudu a tsakiya. Da na tara shi a rana, haske ya taru a ɗigo ɗaya a nisan santimita 10. Da daddare na kunna kyandir a santimita 30, na riƙe farin kwali a ɗaya gefen. Hoton harshen wutar ya fito tas a santimita 15, kansa a ƙasa, ya kuma ragu da rabi. Lissafin 1/f = 1/u + 1/v (f nisan ɗigon da haske ya taru, u nisan kyandir, v nisan hoto, duk daga gilashin) ma haka ya ba ni.

Sai na matso da kyandir zuwa santimita 5. Lissafi ya ce v, wato nisan hoton, -10 ne. Na yi ta yawo da kwalin gaba da baya, ba hoto, sai haske a baje. Amma idan na leƙa ta gilashin, ga wutar a tsaye, ta ninka girma! Me wannan alamar ragi take nufi? Ta yaya idona yake ganin abin da kwali ya kasa kamawa?

Sannan na rufe rabin gilashin da takarda, ina zaton rabin hoton zai ɓace. Ya fito cikakke, sai dai ya dushe. Me ya sa? Allah ya saka da alheri.