Kaki: Wanda Ya Sa Da Wanda Bai Sa Ba

Tela na Sabon Gari

Assalamu alaikum. Shagona yana Sabon Garin Zariya, ba nisa da barikin Cindit inda ake horar da kuratan soja. Jiya da asuba na ji su suna gudu suna waƙa, sai abin da na binne shekara 22 ya taso mini. Baba Saje, kai nake roƙo ka fara amsa mini, tun da kai ka sa kakin da ni ban sa ba.

Da sunan Ta'ala nake buɗe baki,
Ya san ciwon da ban taɓa faɗi ba.

Kakana ya je Bama, ya dawo,
Ya bar lambar da tsatsa ba ta ci ba.

Tana nan cikin gwangwanin madara,
Naɗe da ƙyallen da ban sauya ba.

Ina yaro nakan ɗauko in shafa,
In maƙala a ƙirji, ba a gan ni ba.

Na kai ashirin na sayo fom,
Na cike, ban shawarci kowa ba.

Wata uku ina gudun asuba,
Tsawo da ƙirji duk ban gaza ba.

Daren da zan tafi tantancewa,
Inna ta zauna, ba ta taɓa tuwo ba.

Ta ce, "Kai kaɗai ne namiji gare ni,
In ka tafi, ban yafe maka nonona ba."

Baba ya karɓi fom ya yaga,
Gida huɗu, bai ko ɗaga murya ba.

Na tsince guntayen na adana,
Har yau ban iya zubarwa ba.

Abokin da muke gudu tare
Ya tafi, ban raka shi tasha ba.

Yau ni ke rage wa kurata wando,
Ina liƙa igiyar da ban samu ba.

In an ce 'yan bindiga sun shiga ƙauye,
Sun kwashe mata, ba a tare su ba,

In dubi hannuna, almakashi ne,
Kunyar da nake ji ba za ta faɗu ba.

Baba Saje, faɗa mini tsakani da Allah,
Biyayya na yi, ko ban cika namiji ba?

Baba Saje

Wa alaikumus salam, ɗana. Sau uku na karanta. Na shiga soja a 1988, na yi wata shida a barikin nan da kake jin waƙarsa, na ajiye kaki a 2023 da shekara 35 cif. Ka san sunan barikin ma daga yaƙin kakanka ya fito? Cindit dakaru ne da suka yi yaƙi a bayan layin Japanawa a dajin ƙasar Bama (Burma), kuma a 1944 akwai bataliyoyin Nijeriya a cikinsu. Ka riƙe lambar nan da kyau. Na kama amsa-amonka, ban sake shi ba.

Ɗana, na ji kukanka har zuci,
Ga nawa, wanda ban taɓa rerawa ba.

Ni babu wanda ya yaga min takarda,
Yunwa ta kai ni, ba jarumta ba.

Fari ya cinye gero da garke,
Rumbunmu bai sake cika ba.

Aka aske mu ƙwal, aka ba mu lamba,
Sunan yankana ban sake ji ba.

Agustan 1990 jirgin ruwa ya sauke mu
Monrobiya, wuta ba ta lafa ba.

Na ga yaro, bindiga ta kusa tsawonsa,
Ko gashin baki bai tsiro masa ba.

Ya ɗaga, na ɗaga, ni na riga shi,
Idonsa har yau bai sake ni ba.

Can wasiƙa ta same ni: Inna ta cika,
An yi sadakar arba'in ban sani ba.

Ban kama makara ba, ban zuba ƙasa ba,
Kabarin da aka nuna min, ban tabbata ba.

Saliyo, Darfur, sai Maiduguri,
Jakar goyona ba ta huta ba.

Na zo fas, 'yata ta leƙo ta koma,
"Umma, ga baƙo," ba ta san ni ba.

Igiya uku na tsira da ita,
Da gwiwar da ba ta bar ni sujada ba.

Amma kada in ci amanar kaki,
Akwai ranar da ban yi da-na-sani ba.

Kakanka ya je Bama ta ƙetare,
Tawa Bamar ba ta wuce Barno ba.

Maris 2015 muka kutsa garin,
Da wuya gidan da wuta ba ta taɓa ba.

Wata tsohuwa ta fito daga kango,
Ta kama hannuna, ba ta saki ba.

Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa,
Hawayenta bai nemi tafinta ba.

To ka tambaye ni, ga amsa, ɗana:
Biyayya ka yi, ba tsoro ba.

Da za a mayar da ni daren rasuwar Inna,
Da ban zaɓi igiya uku ba.

Maman Abba

Ku yi haƙuri in sa baki cikin zancen manya. Maigidana yana cikin sojojin da suka rasu a harin Metele, a jihar Barno, a watan Nuwamba na 2018. Ni ba gwanar waƙa ba ce, kuma na sauya amsa-amo, don naku ya yi mini nauyi a baki.

Baba Saje, Malam Tela, ku saurara,
Akwai mai zaman gida tana jiran dawowa.

Daren ƙarshe ya kira ni a waya,
Ya ce kuɗin makarantar Abba na nan zuwa.

Ya ce sanyi ya fara a bakin tafki,
In aiko masa yaji da 'yar dakuwa.

Na daka, na ƙulla, na kai tasha,
Saƙo ya tafi, mai shi ba ya amsawa.

Kwana da kwanaki lambar a kashe,
Labari a rediyo, babu mai tabbatarwa.

Sai ga mutum biyu da kaki a ƙofa,
Suka cire hula, ƙafata ta hau rawa.

Jakarsa suka miƙo: carbi da tocila,
Da hoton Abba, gefensa ya soma cinyewa.

Ban ga gawa ba, ban ga likkafani ba,
Na fita takaba zuciya na ƙin amincewa.

Aka ce mu bar ɗaki, wani zai shigo,
Ina ɗaure tukwane, yara na tambayawa.

Yanzu Abba ya kai sha tara,
Tafiyar ubansa ce, har da murmusawa.

Ya ce, "Umma, bana zan cike fom,"
Na shige ɗaka, hawaye na zubowa.

Malam Tela, kalmar da Inna ta faɗa ma,
Tana bakina, kullum ina haɗiyewa.

In na hana shi, ya zama kai,
Shekara ashirin ciwo na cin ƙuruciya da tsufa, ba warkewa.

In na bar shi, wa zai lamunce min
Mutum biyun nan ba za su sake sallamawa?

Ku da kuka ɗanɗana gefe da gefe,
Ku faɗa min abin da uwa ke cewa.

Ɗan Maradi

Allah ya jiƙan mijinki, Yaya. Daga Nijar nake. Ƙanena yana cikin sojoji 71 da aka kashe a Inates ranar 10 ga Disamba 2019. Ƙasa ta yi makoki na kwana uku, gidanmu har yanzu bai fita ba. Ni ba hana shi na yi ba. Tura shi na yi.

Ya gama makaranta, babu aiki,
Kullum yana fada, shayi ake dafawa.

Na ce, "Soji albashi ne tabbas,
Ya fi zaman banza da roƙon kowa."

Shi kasuwa yake so, na ƙi ji,
Ni na riƙe masa jaka har wurin hawa.

Tsohuwarmu ba ta taɓa zargina ba,
Shirunta ya fi zagi ƙonawa.

Yaya, hani da turi duk kaya ne,
Na biyun na ɗauka, ba ya saukuwa.

Tela na Sabon Gari

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya gafarta musu duka. Baba, na gode, amsarka ta sa ni kuka a kan keke, sai da na rufe shago. Maman Abba, tun da kin ambace ni, ga abin da na ɓoye da farko. Na dawo kan amsa-amonki.

Bara Inna ta cika, kanta a cinyata,
Ina laƙanta mata, tana maimaitawa.

Kafin nan ta ce, "Ka yafe min takardar nan,"
Ashe duk shekarun ita ma tana tunawa.

Na yafe, wallahi, har cikin raina,
Abin da Baba Saje ya rasa, ni aka bai wa.

Amma ba hanin ne ya fi min ciwo ba,
Babu wanda ya zaunar da ni don tambayawa.

Da an ce, "Me kake nema a kaki?"
Da na amayar, ko da ƙarshe babu zuwa.

Kada ki ɗaure Abba da igiyar nono,
Wanda aka ɗaure da ita ba ya iya musawa.

Ki zauna da shi, ki buɗe jakar nan,
Ki bar shi ya yi magana har ƙarewa.

Baba Saje

Maman Abba, 'yata, ki kwantar da hankali tukuna. Kurtu ana ɗaukarsa daga shekara 18 zuwa 22, don haka Abba yana da sauran shekara uku, ba dole sai bana ba. Cike fom kyauta ne ta intanet. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai saka sunan yaro, ɓarawo ne, ko da kaki a jikinsa. In sakamakonsa na sakandare ya yi kyau, ya duba NDA ta Kaduna inda ake yaye hafsoshi, ya fito da digiri a hannu. Amma kafin duk wannan, ga roƙona:

Turo min shi, in shimfiɗa tabarma,
In naɗe wando ya ga gwiwa.

In ba shi labarin yaron Monrobiya,
Dalla-dalla, babu ragewa.

In ba shi na tsohuwar Bama,
Yadda ya faru, babu ƙarawa.

In gaya masa yadda dare yake a rami,
Da ƙarar da kunne ba ya mantawa.

Ba zan ce je ba, ba zan ce zauna ba,
Na ga abin da Ɗan Maradi ke ɗaukawa.

Maman Abba

Na karanta masa duka jiya da daddare, har da na Ɗan Maradi. Bai ce uffan ba. Ya ɗauko tocilar babansa ya daɗe yana jujjuya ta a hannu, ni kuma na danne bakina, ban faɗi kalmar nan ba. Da safe ya ce in tambaye ka, Baba, ko Juma'a bayan saukowa daga masallaci ta yi maka. Zan daka dakuwa ya taho maka da ita.