Zan kai Baba Fas: in ɗauki ɗan rakiya ko mu shiga tsohon garin da kanmu?

Majo Sani, Birni:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa taka garin Fas na ƙasar Maroko, ko ɗalibanmu da ke karatu can.

In Allah ya yarda cikin watan Afrilu zan raka mahaifina ziyara. Shekarunsa 74, sama da 40 daga ciki a zaurenmu na nan Birni, a Damagaram, ya yi su yana ba da karatu. Shekara uku muna tara kuɗin nan ni da ƙannena. Za mu shiga kar zuwa Yamai, mu hau jirgi zuwa Kazablanka, daga nan jirgin ƙasa ya kai mu Fas. Kwana huɗu kawai gare mu a garin.

Zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani ba ita ta hana ni barci ba, na san duk wanda muka tambaya zai nuna mana. Abin da Baba ya faɗa mini ne ranar da na kai masa fasfo ɗinsa. Ya ce, "Sani, so nake in ga inda mutanen nan suka zauna suka rubuta littattafan da na tsufa a kansu." Mai Ajurumiyya, littafin nahawun nan, mutumin Fas ne, haka Ibn Ashir. Yana son ya yi salla a masallacin Ƙarawiyyin, ya ga ɗakunan da almajiran zamanin da suka kwana a ciki.

Masaukin da na kama sun ce suna iya haɗa mu da gid, wato ɗan rakiya, mu biyu kaɗai, ya zaga da mu a ƙafa. Wani abokin aikina kuma ya ce ɓarnar kuɗi ce, tunda akwai taswira a salula. Ga gwiwar Baba: daga gida zuwa masallacin fada sai ya tsaya ya huta sau ɗaya. To in ɗauki gid ɗin? Yaya zan gane na kirki? Kuma tsoho zai iya tafiyar nan?

Alhaji Ila, Zongo:
Wa alaikumus salam. Majo, Allah ya yi maka albarka. Ɗauki. Da ɗan gari akan ci gari. Ni zuwana biyu wajen sayen jallabiyya da takalma, kuma zuwan farko salular nan ce ta ɓatar da ni. Lungunan sun matse, bangaye dogaye, wani wurin ma an rufe sama, sai ka ga ɗigon da ke nuna inda kake ya tsallaka wata unguwa. Ana cewa lungunan sun kai dubu tara. Ka ɗauki Birni ka ninka ta har ka gaji da ninkawa, sannan ka kafa ta a gangaren tudu.

Amma ka kiyayi samarin da ke tare baƙo a bakin ƙofa su ce hanya a rufe take, zo in nuna maka wata. Na bi wani, na ce masallaci nake so, ya kai ni shagon darduma uku kafin azahar. Ana ba ka shayi, ana shimfiɗa maka kaya, kunya ta hana ka tashi. Ashe duk abin da ka saya yana da kamasho a ciki. Gid na gaskiya yana da katin hukumar yawon buɗe ido mai hotonsa. Ka ce ya nuna maka, ba rashin kunya ba ne. Ku yanke kuɗi kafin ku ɗaga ƙafa. Dirhaminsu ɗaya wajen dala goma sha biyu ne na kuɗinmu, wato sefa sittin, ka riƙa lissafi da haka.

Malam Habu, Garin Malam:
Ni ban goyi bayan gid ba. Malam ziyara zai je, ba yawon kallo ba. Ku sauka ku nufi zawiya, ba ta rabuwa da mutanenmu, ƴan Senegal, ƴan Mali, ƴan Najeriya, har ƴan gida. Za ka samu murid da zai kai ku Ƙarawiyyin don Allah, tunda ba nisa. Shehu ya rasu a 1815, a nan cikin zawiyar kabarinsa yake. Ka tabbata Juma'a ta same ku can, Malam ya zauna zikiri bayan la'asar. Kuɗin gid ka ba shi ya yi hadiyya da hannunsa.

Hadiza, ɗaliba a Fas:
Yaya Sani, ina gaida Baba. Shekarata uku a garin nan, kuma na raka baƙi daga gida sun fi a ƙirga. Malam Habu, Allah ya gafarta Malam, maganarka gaskiya ce a kan ziyara, amma abin da Baba ya roƙa ya wuce zawiya. Yawancin baƙin da ke zawiya hanya ɗaya suka sani, daga masauki zuwa zawiya zuwa masallaci. Makarantun da yake son gani ƙofofinsu ƙanana ne, a cikin kasuwa suke, kana iya wuce su sau uku ba ka lura ba.

Tukuna ka san yadda garin yake kwance, don gwiwar Baba a nan maganarta take. Mota ba ta shiga tsohon garin, sai jaki da alfadari da kura. In ka ji an ce "balak", ka janye Baba jikin bango, kaya ne tafe. Garin kamar kwano yake, Ƙarawiyyin tana can ƙasa kusa da rafi. Saboda haka ku fara daga sama, daga ƙofar Bab Bujulud, mai shuɗin ado ta waje, kore ta ciki. Ku gangara ta hanyar da ake kira Tala'a Kabira. Kada ku yarda a komo da ku ta inda kuka shiga, hawan zai karya tsoho. Ku fita ta Rasif, fili ne a ƙasa inda jajayen taksi ke tsayawa. Daga ƙofa zuwa masallacin bai kai kilomita biyu ba, kuma gangara ce.

Kuna shiga kaɗan za ku tarar da makarantar Bu Inaniyya, wadda Sarki Abu Inan ya gina wajen 1350 zuwa 1355. Tana da hasumiya, ana salla a ciki, akwai wurin zama. A gabanta akwai ragowar agogon ruwa a jikin bango, ku ɗaga kai ku gani. Can ƙasa, dab da masallacin, sai Attarin ta 1325. Ƙarama ce, amma ita na fi so. Tsakar gidan duk sassaƙa ne da rubutu a jikin katako da farar ƙasa, ɗakunan ɗalibai kuwa da ke sama ƙanana ƙwarai, tabarma biyu ta cika wasu, da ƴar taga. Ɗaliban da suka zo daga nesa a irinsu suke kwana, da safe su sauko masallaci ɗaukar karatu. Matakalar tana da tsauri. In Baba zai hau bene ɗaya rak a tafiyar nan, to wannan ne.

Sai Saffarin, wadda ta girme su duka, tun 1271. Tana filin maƙeran tagulla, tun daga nesa za ku ji bugun guduma. Ƙofar ɗakin karatun Ƙarawiyyin ma a filin take. An gyara shi an gama a 2016, akwai rubuce-rubucen hannu dubbai a ciki, har da na Ibn Khaldun. Sai dai duk zuwan da na yi da baƙi ba a bar mu mun wuce ƙofa ba, masu bincike da takarda ake bari. Ka faɗa wa Baba tun yanzu kada ya sa rai ya ji ciwo. Duk gid ɗin da ya ce zai shigar da ku, ka tambaye shi ta yaya.

Masallacin kuwa Musulmi yana shiga, amma ku daidaita zuwanku da lokacin salla, don ba kullum ƙofofin ke buɗe ba. Ku ba gid sharaɗi azahar ta same ku can. Kuma ka ce Baba ya ɗauki Alƙur'ani ɗaya daga kanta ya buɗe. Warshu suke karantawa kamar mu, fa'un da ɗigo a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama. Wani tsoho daga Mirriya da na raka, da ya buɗe sai ya zauna yana hawaye, ya ce ashe allonsa na yaranta daga nan ya taso.

Abu na ƙarshe, ka nemi gid mai jin Larabcin littafi. Larabcin kasuwarsu daban ne, Baba ba zai kama shi ba. In aka ba ku mai faransanci zalla, kai za ka wuni kana tafinta, hirar kuma ba za ta yi daɗi ba.

Malam Habu, Garin Malam:
Ƴata, na karɓa. Ni kaina zuwana ban ga makarantun nan ba, yanzu na ji na yi rashi. Amma maganar Juma'a tana nan. Kada a sa yawon ranar, shaguna ma a rufe suke.

Lawali, malamin tarihi, Karkada:
Majo, ga gwaji mai sauƙi da za ka yi wa gid tun a waya. Ka tambaye shi wane ne Ibn Ajurrum. In ya yi shiru, to na masu ɗaukar hoto ne, ba na Malam ba. Wanda ya san aikinsa zai ce maka bafashe ne, mai Ajurumiyya, masanin nahawu, ya rasu a 1323. Ibn Ashir kuma a 1631.

Duk gid zai ce muku Ƙarawiyyin ce jami'a mafi tsufa a duniya, Fatima al-Fihriyya ta kafa ta a 859. Yadda tarihi ya zo, masallaci ta gina da dukiyar gadonta, danginta kuwa daga Ƙairawan ta Tunisiya suka yi ƙaura, shi ya sa sunan. Ƴar uwarta Maryam ta gina masallacin Andalus a ɗaya ƙetaren rafin. Karatu daga baya ya bunƙasa a ciki, malami bisa kujera jingine da ginshiƙi, ɗalibai kewaye da shi a ƙasa, sai a 1963 aka shigar da ita tsarin jami'o'in gwamnati. Ina faɗin wannan ne don ina ganin shi zai fi taɓa zuciyar Malam. Ba bene mai azuzuwa zai tarar ba. Zaure ne irin nasa, sai dai sarakuna sun yi ta faɗaɗa shi: hasumiyar tun 956 take, babban faɗin da ake gani yau kuma aikin sarakunan Murabiɗai ne wajen 1135.

Mu ma muna da igiya da garin. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, a Fas ya tashi ya yi karatu, kuma cikin abin da ya rubuta a ƙarni na 16 akwai Agadas da Gobir da Katsina da Kano. In ƙarfi ya saura wata rana, kabarin Alƙali Abubakar Ibn al-Arabi yana wajen ƙofar Bab Mahruƙ, kusa da inda za ku fara. Wannan taksi ma yana isa.

Usta Mamman, baduku:
Ni kam majemar Shuwara nake roƙon ku gani. Da toka da kashin tattabara suke jiƙa fata, ramukan rini jere kamar kwanoni. Duk wanda ya tashi kusa da majemarmu zai so ya kwatanta. Ana ba da ganyen na'ana'a don wari.

Hadiza, ɗaliba a Fas:
Usta, tana da kyan gani, amma daga saman shagunan fata ake leƙa ta, hawa biyu ko uku a matsattsiyar matakala. Yaya Sani ya je shi kaɗai lokacin da Baba ke hutawa.

Hajiya Rabi, Sabon Gari:
Ɗana Sani, kai ma'aikacin lafiya ne, amma bari uwa ta ƙara maka. Na kai mahaifiyata tana da shekara kusan na Malam, kuskuren da na yi shi ne na yarda da yini guda cur. Kafin la'asar ƙafarta ta kumbura, kwana biyun da suka rage a ɗaki ta yi su, har yau abin yana damuna. Ka raba shi biyu, safiya biyu, awa uku uku. Kada ka sa komai ranar da kuka sauka, tafiyar Damagaram zuwa Yamai kaɗai kusan kilomita 900 ce, kafin a zo jirgi. Ka saya masa takalmi rufaffe mai kama ƙasa, don daɓen dutse ne, in ruwa ya taɓa shi santsi gare shi. Ka riƙe ƴar kujerar nan mai naɗewa da rigar sanyi, asubarsu ko a Afrilu ba irin tamu ba ce. Kuma ka tambayi masaukinku tun yanzu ko suna da ɗaki a ƙasa. Gidajen tsohon garin dogaye ne, mu a hawa na uku aka sauke mu.

Ka gaya wa gid ɗin baki da baki: ba shago, ba darduma, tafiyar tsoho za a yi, inda ya zauna a zauna. In ya cika alkawari ka ƙara masa wani abu a kan kuɗinsa, don kamashon da ya rasa.

Majo Sani, Birni:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Jiya bayan isha'i na karanta wa Baba amsoshinku ɗaya bayan ɗaya. Da na zo wajen fa'u da ƙaf sai ya sa na maimaita. Maganar ɗakin karatu kuma ya ce ba komai, ko ƙofar ya tsaya ya gani ya isa.

Ga yadda muka tsayar. Laraba mu sauka mu huta. Alhamis da safe gid, daga Bab Bujulud zuwa Attarin, azahar a Ƙarawiyyin, mu fita ta Rasif. Juma'a ta zawiya ce, Malam Habu. Asabar da safe gid ya sake ɗaukar mu, amma ta Rasif za mu shiga, Saffarin da abin da ke kusa. Na rubuta wa masaukin yau da safe a kan ɗakin ƙasa da gid mai kati mai Larabci, na ce kuma a ba ni shi a waya kafin mu taso, in yi masa tambayar Malam Lawali.

Ƙanwata Hadiza, tambaya ɗaya ta rage. Baba ya ɗauko tsohuwar Ajurumiyyarsa ta rubutun hannu, wadda malaminsa ya ba shi, ya ce da ita zai tafi, yana son ya karanta babin farko a cikin masallacin. Ana barin mutum ya zauna da littafinsa bayan salla, ko ana tashin jama'a a rufe?

Hadiza, ɗaliba a Fas:
Ranakun da na je, ba a tashi kowa nan take ba, mutane kan ɗan zauna bayan an sallame. Ku shiga da wuri kafin a tada salla, ku samu gindin ginshiƙi inda zai jingina bayansa. Ka naɗe littafin a leda saboda ruwan alwala. In kun iso ka sanar da ni a nan, Alhamis ba ni da darasi da rana, zan zo in gaida Baba.