Me ya sa lissafi ke tsayawa a 2,147,483,647?

Habibu_K:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masana lissafi ku taimaka min, ina koyon rubuta manhajar kwamfuta ne sai na ga in na ƙara 1 a kan 2,147,483,647 amsar sai ta koma -2,147,483,648, wai meye sirrin lambar nan? Kuma wani ya ce min babu lambar da ke raba ta daidai, da gaske ne?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam Habibu. Ka jera 2 guda 31 ka ninka su da juna sannan ka cire 1, ita za ka samu. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga, in aka ware wa lamba gurbi 32 to ɗaya na nuna alama ne, ko sama da sifili ko ƙasa, saura 31 kenan, duk in suka cika da 1 ka kai maƙura, kana ƙara ɗaya sai ta juya baya. Wanda ya gaya maka ba ta rabuwa kuma gaskiya ya faɗa, firaim ce, 1 da ita kanta kaɗai ke raba ta. Irin waɗannan ana ce musu firaim ɗin Mersenne, ita ce ta takwas a jerinsu.

Zulai:
Malam ni abin da ke ɗaure min kai shi ne masanin lissafin nan Euler ya tabbatar da cewa firaim ce tun 1772 fa, ba kalkuleta ba komai. Ya aka yi ya iya?

Malam Sani:
Ai bai bi su ɗaya bayan ɗaya ba Zulai. Na farko ba sai ka wuce 46,340 wajen gwaji ba, don 46,341 sau 46,341 ya riga ya zarce lambar. Na biyu ya nuna duk firaim ɗin da zai raba ta dole in ka raba shi da 248 ragowar ta zama 1 ko 63, to ka ga aikin ya ragu sosai, sauran ya zauna ya gwada da hannu ba wanda ya shiga. Amma kar a ɗauka kullum dabarar ninka 2 a cire 1 na haifar da firaim, 2 guda 11 a cire 1 ya ba da 2047, wato 23 sau 89.

Abba Injiniya:
Bari in ƙara abu ɗaya da ya shafi aikinka kai tsaye ɗan'uwa. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da sakan tun daga 1 ga Janairu 1970 a cikin gurbi 32 ɗin nan, kuma sakan na 2,147,483,647 zai cika ranar 19 ga Janairu 2038, daga nan agogonsu ya koma 1901. In manhajarka za ta ajiye kuɗi ko lokaci ka yi amfani da mai gurbi 64 tun yanzu.

Habibu_K:
Allah ya saka da alheri. Malam Sani, 248 ɗin nan daga ina ya fito?